Hoto da Kalma: Tsofaffin Finafinan Almasihu da Dawwamar Gaskiya a Wurin Kiristocin Yankin Ƙonni

Kiristoci tsiraru ne a yankin da ya haɗa Bazaga da Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela a jihar Tawa, kuma tarihin kasancewarsu a wurin yana da nasaba da asibitin Galmi, wanda ƙungiyar mishan ta SIM ta buɗe a 1950 a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Ƙonni zuwa Madawa. Wa'azi a ƙasar Hausa bai tsaya ga littafi kaɗai ba, domin masu bishara sun gaji majigi, wato sinimar tafi-da-gidanka da gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ta yi amfani da ita a Arewacin Nijeriya, inda ake kafa farin ƙyalle a dandali bayan faɗuwar rana a haska hoto da ƙarfin janareta. Wannan gado ya zo da matsala ta tauhidi, wato ilimin sanin Allah: ta yaya gaskiyar da ake cewa ba ta canzawa za ta zauna a cikin hoton da ɗan'adam ya ƙera, wanda yake tsufa kamar kowane kaya?

Tsofaffin finafinan sun amsa ta hanyoyi biyu. A cikin Ben-Hur, fim ɗin 1959 da William Wyler ya ba da umarninsa, wanda ya ci kyautar Oscar 11, ba a nuna fuskar Yesu ko sau ɗaya ba. A wurin da yake miƙa ruwa ga jarumin da aka ɗaure da sarƙa a Nazarat, bayansa da hannunsa kawai ake gani, sai fuskar sojan Roma da ya zo ya hana shi, ya dube shi, ya ja da baya. Wannan kawaici ya yi kusa da ladabin maƙwabta Musulmi, waɗanda ba su yarda a siffanta annabawa ba. Fim ɗin Jesus na 1979 kuwa, wanda aka juya zuwa Hausa da wasu harsuna fiye da 2,000, ya bayyana fuskar ɗan wasan Ingila Brian Deacon ƙarara, amma ya ɗauko kusan dukkan zantukansa daga Bisharar Luka. Fuskar baƙuwa ce ga mai kallo a Sahel, launin fim ɗin ma ya nuna shekarunsa, sai dai muryar Hausa da aka ɗora a kai ita ce ke ɗauke da saƙon, kuma a nan ne ra'ayin Kiristocin bishara ya fi ƙarfi: nassi ne mizani, hoto ɗan aike ne kawai.

Wurin gicciyewa ne ya fi fito da iyakar hoton. Aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta koyar da cewa ba a kashe Annabi Isa ba, an dai kamanta wa mutane ne, alhali kuwa fim shi kansa kamantawa ne, tunda kowa ya san ɗan wasan bai mutu ba. Saboda haka majigi ba ya iya zama hujja a kan abin da ya faru a Urushalima, komai kyawun shirinsa, kuma Kirista da Musulmi da suka kalli ƙyalle ɗaya a dandali ɗaya kowanne yakan koma ga littafinsa domin yanke hukunci.