Haɗarin Tsaro a Sabbin Kuɗaɗen Kirifto

Haɗarin tsaro a sabon kuɗin kirifto shi ne yiwuwar mai zuba jari ya rasa dukiyarsa ta hanyar sata, zamba, ko kuskure a manhajar da kuɗin ke gudana a kanta. Ya bambanta da haɗarin faɗuwar farashi. Ya fi tsanani a farkon rayuwar kuɗin, lokacin da ake sayar da shi kafin ya shiga manyan kasuwanni, domin manhajar ba ta sha gwaji ba, kuma mabuɗan asusun suna hannun mutane ƙalilan. Abin da aka tura a kundin blockchain kuwa babu bankin da zai dawo da shi.

Fitaccen misalin kuskuren manhaja shi ne na The DAO, asusun haɗin gwiwa da ya tara Ether na kimanin dala miliyan 150 a 2016. Manhajarsa tana biyan mai cire kuɗi kafin ta rage adadin daga lissafinsa. A watan Yuni wani ya yi amfani da wannan kafa, ya yi ta maimaita cirewa har ya kwashe Ether kusan miliyan 3.6. Sai da aka sauya ƙa'idojin kundin Ethereum, wanda The DAO ke gudana a kansa, kafin a mayar wa mutane kuɗinsu, matakin da ya raba tsarin gida biyu, Ethereum da Ethereum Classic. Ƙaramin kuɗi da ba a san shi ba ba ya samun irin wannan gata.

Wani lokacin da gangan ake barin kafar. Kuɗin SQUID, wanda ya ari sunan shirin Squid Game a 2021, an tsara shi yadda mai saye ba zai iya sayarwa ba. A farkon Nuwamba masu shi suka gudu da sama da dala miliyan 3. Satar mabuɗai ma tana nan: a Maris 2022 an ƙwace biyar daga cikin mabuɗai tara na tsarin kirifto na Ronin, aka kwashe fiye da dala miliyan 600, kuma Amurka ta ɗora alhakin a kan ƙungiyar Lazarus ta Koriya ta Arewa.

Masu auna haɗarin sukan duba ko an san masu kuɗin da sunansu, kason da suka riƙe wa kansu, da ko wani mutum guda zai iya buga ƙari ko dakatar da ciniki. Binciken da kamfanonin tsaro ke yi wa manhaja yana rage haɗari, amma ba ya bayyana niyyar masu ita. A ɓangaren mai saye, duk wanda ya samu kalmomin sirri 12 ko 24 na walat ya mallaki abin da ke ciki, shi ya sa shafukan bogi masu alƙawarin kyautar kuɗi suke neman su.

A Najeriya, Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da kasuwannin kirifto a Fabrairu 2021, ya janye hanin a Disamba 2023. Dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar hukumar SEC, sai dai yawancin sabbin kuɗaɗen daga ƙasashen waje ake fitar da su, inda ikon hukumar bai kai ba.