Yadda Ƙwaƙwalwa Ta Fara Faɗa Wa Likita Lokaci

Mu marubuta mun sha kayar da Alhaji da shanyewar ɓarin jiki a labari, likita ya fito yana girgiza kai. Shi ya sa na bi diddigin yadda likitoci suka fara leƙa cikin ƙwaƙwalwa.

A 1985, Denis Le Bihan na Faransa ya nuna cewa na'urar MRI na iya auna motsin ruwa a ƙwaƙwalwa. A 1990, Michael Moseley a Amurka ya gwada a kan kyanwoyi. Ya gano in jijiya ta toshe, cikin mintuna ruwan wurin kan rage motsi, hoto ya haska tun kafin hoton MRI na yau da kullum ya nuna komai.

Sai dai allurar narkar da gudan jini tana da wa'adi, awa 4 da rabi. To, wanda ya farka da ciwon fa? A 2018 binciken WAKE-UP ya amsa: in hoton motsin ruwa ya nuna rauni, hoton FLAIR bai nuna ba, ciwon sabo ne, ana iya yin allurar.

Don haka mai karatu, in baki ya karkace, ko da asuba ne, a garzaya asibiti.