Zaƙami a Yankin Wudil: Nazarin Siffa, Asali da Gubar Jinsin Datura

Jinsin da danginsa

Zaƙami, wanda ake kuma kira haukata-yaro ko babba-jibji, yana cikin jinsin da masana tsirrai ke kira Datura, ɗan ƙaramin reshe na dangin Solanaceae. Danginsa ɗaya ke nan da gauta da tumatir da barkono da taba. Nau'o'insa ba su wuce tara zuwa goma sha huɗu ba, gwargwadon yadda kowane masani ya rarraba su. Masanin tsirrai Linnaeus ne ya tabbatar da sunan jinsin a 1753, daga kalmar da mutanen Indiya ke kiran tsiron da ita. Yawancin nau'o'in sun fito ne daga Meksiko da kudu maso yammacin Amurka. A 1991 masana tsirrai Symon da Haegi sun kawo hujjar cewa har Datura metel, da aka daɗe ana ɗauka ɗan Asiya ne, daga can ya samo tushe.

Muhalli da siffa

A Wudil da ƙauyukan da ke gaɓar Kogin Haɗejia, zaƙami yana fitowa a juji da kango da wuraren da shanu suka daɗe suna kwana, domin yana son ƙasa mai taki. Sunan babba-jibji ma daga nan ya fito. Tsayinsa yakan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, karansa yana rabuwa bibbiyu. Idan aka murza ganyen sai wari ya tashi, shi ya sa akuya kan ratsa ta gefensa ba ta ko kalle shi ba. Furen dogo ne kamar bakin kakaki, fari ko mai ratsin shunayya. Yana buɗewa da magariba da ƙamshi mai ƙarfi, wasu ƙwari masu dogon baki, dangin malam-buɗe-littafi, su zo su sha zaƙinsa cikin dare.

Suna ɗaya ne a bakin Bahaushe, amma nau'i uku ne ake samu a arewacin Nijeriya, kuma ɗan da tsiron ya haifa shi ne babbar shaidar bambance su. Na D. stramonium a tsaye yake yana kallon sama, idan ya bushe ya tsage gida huɗu daidai, irinsa baƙi. Na D. metel yana sunkuyar da kai, ƙayarsa gajera ce dakusasshiya, yana fashewa ba tsari, karan tsiron sumul, sau da yawa mai duhun shunayya. Na D. innoxia ma a sunkuye yake, sai dai ƙayarsa dogaye ne sirara, jikin tsiron kuma lulluɓe da gashi mai laushi har ya yi toka-toka. Duk binciken da bai fayyace wanne daga cikin ukun aka gwada ba, sakamakonsa na da rauni tun daga tushe.

Jinsin ya yi wa ilimin gado babban aiki. A D. stramonium, mai kromosom 24, masani Blakeslee ya nuna yadda ƙarin kromosom guda ke sauya siffar ɗan tsiro. A 1964 kuma Guha da Maheshwari na Jami'ar Delhi suka raya sabon tsiro daga sashen namiji na furen D. innoxia.

Guba

Babu sashen zaƙami da ba shi da guba. Saiwa ce ke haɗa sinadaran hayosin da hayosayamin, ta tura su ganye da fure da iri. Su ne ke busar da baki, su buɗe baƙin ido, su sa zuciya bugu da sauri, jiki ya yi zafi ba gumi, fitsari ya tsaya, mutum ya shiga sambatu yana kama abin da babu shi. Masu maganin gargajiya sun daɗe suna amfani da hayaƙin ganyen wajen asma, kuma akwai dalilin kimiyya a ciki, tun da sinadaran na sassauta hanyoyin numfashi. Matsalar ita ce ƙarfinsu yana bambanta daga tsiro zuwa tsiro, da shekarun tsiron, da irin ƙasa da ruwan da ya samu. Matashin da ya jiƙa irin a zoɓo don ya bugu ba shi da ma'auni ko kaɗan. Abin da ya bugar da abokinsa jiya yana iya kai shi lahira yau.

Haɗarin ya shafi manoma ma. A 2019, a yankin Karamoja na Yuganda, mutane kusan 300 suka kwanta, biyar suka rasu, bayan cin garin abinci da irin zaƙami ya gauraya da shi. Wajibi ne a tuge shi daga gonar dawa da wake da waken soya kafin ya yi 'ya'ya, domin irinsa na iya shekaru masu yawa a ƙasa bai mutu ba.