Hawan duwatsu da iyali a Arewa: wuraren da ba su da tsada da abin da ya kamata a sani

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, fita shaƙatawa da iyali ta zama abin da magidanci ke yi wa dogon lissafi. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 a wata, bisa dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2024, kuɗin mota da na ƙofar wurin wasa da na abinci kan lashe kaso mai tsoka na albashi a yini guda. Sai dai akwai nishaɗin da bai dogara da tikiti mai tsada ba, wato hawan duwatsun da ke tsaye a gefen biranen Arewa, musamman ga iyalin da 'ya'yansu suka tasa, daga shekara goma zuwa sama.

Mene ne hawan dafe?

Hawan dutse iri uku ne. Akwai tafiya a ƙafa kan hanyar da ta miƙe zuwa saman tudu. Akwai hawan ƙwararru a jikin dutse mai miƙewa kamar bango, wanda sai da igiya da horo. A tsakaninsu kuma akwai hawan dafe, inda mutum ke tafiya da ƙafa amma yana kai hannu ya dafa dutse, ya ratsa tsaguwa, ya haye wani ƙaton dutse ya sauka a kan wani. Wannan na tsakiyar shi ne ya fi jan hankalin yaran da tafiya zalla ke gundura.

A Birtaniya ana kasa hawan dafe zuwa mataki uku. Mataki na 1 ba ya buƙatar igiya ga mai lafiya, mataki na 3 kuwa ya kusa zama hawan ƙwararru. A Amurka ana amfani da ma'aunin Yosemite mai aji biyar: aji na 2 da na 3 su ne hawan dafe, aji na 4 wuri ne da faɗuwa ke iya kisa, aji na 5 kuma na masu igiya ne. Wanda zai hau dutsen garinsu ba zai tarar da allo mai ɗauke da irin waɗannan lambobi ba, don haka iyaye su ne ma'auni. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk inda zamewar ƙafa ɗaya za ta jefa yaro ƙasa fiye da tsayin mutum biyu, wurin ya wuce na iyali.

Kano: Dala da Goron Dutse

Dutsen Dala shi ne makarantar farko. Tsayinsa mita 534 ne daga doron teku, kuma yana da matakala, don haka hawansa bai kai hawan dafe ba, amma a nan ake gane yaron da ke jin jiri a sama da wanda ba ya ji. Yana tsakiyar birni, ana isa gindinsa a a-daidaita-sahu. Daga samansa ana hango Goron Dutse da unguwannin tsohon birni. Littafin Tarihin Kano ya danganta dutsen da Barbushe da bautar Tsumburbura, kuma tun 2007 Dala na cikin wuraren Kano da Najeriya ta gabatar wa UNESCO, tare da ganuwa da kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa. Gefen dutsen marmara ce mai marmashewa, don haka bai dace a bar matakala a bi gefe ba.

Zariya: Kufena

Dutsen Kufena, kusa da Wusasa, shi ne irin wurin da ake nufi da hawan dafe na iyali. Dutse ne mai tauri, irin wanda masana ke kira giranit, mai falale masu gangara da manyan duwatsu a jibge. Idan ya bushe yana riƙe tafin takalmi sosai. A kewayensa akwai ragowar tsohuwar ganuwa, kuma tarihin baka na Zazzau ya sa Kufena cikin mazaunan farko tare da Turunku, ya kuma haɗa shi da Sarauniya Amina. Kusancinsa da gari ya sa iyalin Zariya za su iya fita bayan asuba su dawo kafin azahar, ba kuɗin masauki.

Jos: Shere da Riyom

Tsaunukan Shere, kimanin kilomita 10 gabas da Jos, sun kai mita 1,829 a ƙololuwarsu. Fifikonsu a kan sauran wurare shi ne akwai masu horo a wurin: Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanni ta gwamnatin tarayya, wadda aka fi sani da Man O' War kuma aka kafa a 1951, tana da makarantar hawan tsauni a Shere. Iyalin da ke son 'ya'yansu su koya daga hannun gwani nan ya kamata su fara tambaya. Sanyin Jos, wadda ita kanta take kimanin mita 1,200 daga doron teku, yana rage wahalar hawa. Duwatsun Riyom, waɗanda suka hau kan juna kamar an jera su da hannu, suna bakin hanyar Jos zuwa Akwanga. Ƙaramar hukumar Riyom ta sha fama da hare-hare, don haka sai an tambayi mutanen gari kafin a sauka daga mota.

Jigawa da Abuja

Birnin Dutse daga duwatsun da suka kewaye shi ya samo suna. A Birnin Kudu kuma akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa, masu ɗauke da zanen shanu na mutanen da, ga kuma duwatsu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su. Wuraren suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Hawan ba shi da wuya, amma taɓa zanen ko rubuta suna a jikin dutsen ɓarna ce da ba ta gyaruwa.

A Abuja ƙungiyoyin matasa masu hawan dutse a ƙarshen mako sun yawaita, suna zuwa Katampe da Mpape da tuddan da ke kewaye da madatsar ruwan Usuma. Bin irin waɗannan ƙungiyoyi na rage kuɗin mota da na ɗan jagora. Sai dai yankin Bwari, inda Usuma take, ya fuskanci satar mutane a farkon 2024. Tsohon ramin fasa dutse na Mpape da ya cika da ruwa, wanda ya yi suna a kafofin sada zumunta a 2020, wurin kallo ne kawai. Ruwan rami irin wannan yana da zurfi, bakinsa kuma a tsaye yake.

Waɗanda ba na iyali ba ne

Dutsen Zuma da ke jikin tsohuwar takardar naira 100 ya tashi kimanin mita 300 daga ƙasar da ke kewaye da shi, gefensa kuma ya miƙe ƙwarai. Dutsen Wase a Filato ya fi shi tsauri, kuma wuri ne da tsuntsaye ke hayayyafa. Dutsen Aso yana yankin tsaro na fadar shugaban ƙasa. Kwatarkwashi a Zamfara da Sukur a Adamawa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, wurare ne masu daraja da rashin tsaro ya nisanta da masu ziyara.

Inda kuɗin ke tafiya

Abin da ya fi cin kuɗi shi ne sufuri, don haka dutsen da ya fi kusa da gida shi ne ya fi araha. Iyali biyu ko uku kan haɗa mota ɗaya. Na biyu shi ne ɗan jagora, kuma nan ne bai kamata a yi ƙoro ba: matashin ƙauyen da ke gindin dutse ya san hanyar sauka da kogon da ƙudan zuma suke. A yi ciniki da shi tun a ƙasa, a kuma gaida mai unguwa ko dagaci kafin a hau, domin wasu duwatsun suna da wuraren da mutanen gari ke girmamawa.

Kaya ba sai na kanti ba. Kambas mai tafin roba mai zane, ko da na gwanjo ne, ya wadatar. Silifas da takalmi mai santsi su ne abin gudu. Tufafi su zama waɗanda ba za su harɗe ƙafa ba: 'yan mata kan sa wando a ƙarƙashin riga, su zaɓi hijabin da bai kai ƙasa ba. Kowa ya goya jakarsa don hannuwa su zama a sake, da ruwa aƙalla lita biyu, da dabino ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli.

Lokaci da haɗari

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dutse a bushe yake, ciyawa ta kwanta, sanyin hunturu na taimakawa, ko da yake hazo kan rufe hange. A bazara zafi kan haura digiri 40 a Kano da Jigawa, falalen dutse kuma kan ƙona tafin hannu tun kafin azahar. Da damina gansakuka kan mayar da dutse tamkar sabulu, kuma saman dutse shi ne wuri mafi haɗari idan ana tsawa. Da an ji cida, sai a sauko.

Don lissafin lokaci, masu hawa na amfani da ƙa'idar da William Naismith na Sukotland ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Tafiyar kilomita 5 mai hawan mita 300 ke nan awa ɗaya da rabi ce, kuma da yara gara a ninka. A jikin dutse, gaɓoɓi uku cikin huɗu su kasance a dafe kafin a motsa na huɗun. Babba ɗaya ya shige gaba, ɗaya ya tsaya a baya. Sauka ta fi hawa wuya, saboda haka kada a hau inda ba a ga yadda za a sauko ba.

Kububuwa da kasa da gamsheƙa na fakewa a tsaguwar dutse, don haka ba a zura hannu inda ido bai gani ba. Idan maciji ya yi sara, ba a ɗaure wurin tamau, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A hana gaɓar motsi a garzaya asibiti. Asibitin Kaltungo a Gombe da na Zamko a Filato sun yi suna wajen maganin dafin maciji. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, amma a bar wa wani a gida sunan dutsen da lokacin dawowa, domin ba ko'ina ake samun sabis ba.

Wa ke da dutsen?

Arahar waɗannan wurare ta dogara ne da kasancewarsu a buɗe, kuma hakan ba tabbas ba ne. Tsarin Mulkin 1999 ya sa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, Dokar Ma'adinai ta 2007 kuma ta ba ofishin rajistar ma'adinai na tarayya ikon bayar da lasisin fasa dutse. Ƙasar da ke gindin dutsen kuwa tana hannun gwamna, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ta haka dutse kan wayi gari an yanka filaye a gindinsa ko ana farfasa gefensa, mutanen da suka tashi a inuwarsa ba su san wanda ya sa hannu ba. Dala kanta gidaje sun matse ta, zaizaya na cin gefenta. A Mpape, sai da ƙasa ta yi girgiza a Satumbar 2018 kafin hukumomi suka dakatar da fasa dutse na wani lokaci.

Doka ta bar wa jama'a ƙofofi. Dokar 2007 ta wajabta wa mai lasisi ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, dokar 1992 ta tanadi binciken tasirin manyan ayyuka ga muhalli, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba hukumar tarayya kwana bakwai ta amsa buƙatar ɗan ƙasa. Duk ƙungiyar matasan da ta ga an kafa injin fasa dutse a gindin dutsen garinsu tana da hurumin rubuta takarda ta nemi ganin lasisin, da sunan wanda aka ba, da yarjejeniyar da aka ce an ƙulla da al'umma.