Daddawa da Dunƙule: Tarihin Ɗanɗano a Tukunyar Bahaushiya

Masu nazarin tarihin ƙasar Hausa sun fi mai da hankali ga sarakuna da yaƙe-yaƙe da fatauci, ba su cika leƙa madafi ba. Alhali kuwa tukunyar miya ita ma tana da nata tarihi, kuma wanda ya bi shi a hankali zai tarar da sawun ayarin Azbinawa, da na jirgin ƙasa, da na kuɗin man fetur, duka a cikin ludayi guda. Wannan maƙala za ta ɗauki abu ɗaya daga cikin kayan miya, wato daddawa, ta bi ta tun daga gindin ɗorawa har zuwa zamanin da aka yi mata kishiya.

Abincin Bahaushe na yau da kullum ya ginu ne a kan hatsi, musamman gero da dawa da maiwa. Kunu ko koko da safe, fura da rana, tuwo da dare. Shi tuwo lami ne, ba shi da wani ɗanɗano na kansa, don haka ne ake ɗaukar cin sa gaya alamar matsi. Miya ce ke raka shi, kuma da miya ake auna gwanintar mace da wadatar maigida. Sai dai miyar da aka sani yau ba ita ce ta kaka da kakanni ba. Tumatir da barkono da tattasai da gyaɗa da kabewa duk tsirran nahiyar Amurka ne, babu ko ɗayansu a Afirka kafin shekarar 1492. Sunayen wasunsu ma sun tona asirinsu: tumatir daga Ingilishi aka aro shi, attarugu kuma daga Yarabanci. Jar miya, wadda yaran birni ke zaton ita ce miyar asali, baƙuwa ce ta baya-bayan nan.

Tsohuwar tukunya ta dogara ne ga kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa da rama da lalo. Yajinta masoro ne da kimba da citta, maiƙonta man shanu ko man kaɗanya. Gishiri kuwa daga nesa yake zuwa. Littafin Tarihin Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Yakubu ɗan Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463, Azbinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Bayan shekara ɗari huɗu wannan hanya tana nan da ranta, domin cikin ayarin gishirin Bilma ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya gangaro daga Azbin, ya iso Kano a farkon 1851. Abin da raƙumi ya ɗauko tun daga Bilma ba ya araha. Nama ma ba kullum ba ne. A gidajen talakawa sai ranar kasuwa, ko suna, ko salla. To, me ke sa miyar kuka marar nama, mai ɗan gishiri kaɗan, ta yi garɗin da za a side kwano? Daddawa ce.

Ɗorawa da Kalwa

Ɗorawa bishiyar gona ce. Manomi yakan sare itatuwa da yawa idan yana sharar sabuwar gona, amma yakan bar ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya. Tana fure da rani, 'ya'yanta su nuna da bazara, daidai lokacin da rumbu ya fara yin ƙasa. Babu abin yarwa a jikin ɗanta. Garin nan rawaya mai zaƙi yara na lasa, ana kuma dama shi. Ɓawon ana jiƙa shi a sami makuba ta daɓe da ta yaɓen katanga. Ƙwayar ciki ita ce kalwa. Saboda wannan amfani ne ɗorawa ta zama dukiya da ake gado, kuma sunanta ya zauna a kan wurare. Unguwar Ɗorayi ta Kano jam'in sunan bishiyar take ɗauke da shi.

Baƙin Turawa na farko ba su wuce ta ba tare da sun lura ba. Mungo Park, a littafin tafiyarsa na 1799, ya ba da labarin yadda ya ga mutanen ƙasar Mande suna cin garinta a lokacin ƙarancin abinci. Daga baya Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano da Sakkwato a 1824 har ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kai bayanin yadda ake ruɓar da ƙwayar a mai da ita curi-curi don miya. Masanin tsirrai Robert Brown ne ya duba abin da wannan tawaga ta tattaro, a 1826 ya raɗa wa jinsin bishiyar suna Parkia don tunawa da Park. Ke nan a littattafan kimiyya ɗorawa tana amsa sunan matafiyin da ya gan ta a hanya, ba na matan da suka gano sirrin ƙwayarta ba.

Sirrin kuwa ba ƙarami ba ne. Kalwa ɗanya tauri gare ta kamar tsakuwa, ba ta ciwuwa. Sai an dafa ta wuni guda ko ta kwana a wuta, itace na ta ci, kafin ɓawonta ya saki. Sa'an nan a zuba a turmi a surfa, wasu da toka wasu da yashi, a kai bakin rijiya ko rafi a wanke har ɓawon ya rabu da ƙwaya. A sake mai da ita wuta, sau da yawa da ɗan kanwa, har ta yi laushi. Daga nan sai a tsane ta, a zuba a kwando ko ƙwarya tun da zafinta, a lulluɓe da ganye da tsumma, a ajiye a ɗaki kwana biyu ko uku. Ranar da aka buɗe, wari ne ke fara ba da labari, har maƙwabta su san an yi. Sai a kirɓa, a dunƙula, a shanya a rana har ta yi baƙi ta bushe. Daddawar da aka yi da kyau takan yi watanni ba ta lalace ba, kuma wannan ne ya sa ta zama guzurin fatake.

Binciken zamani ya nuna cewa wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, mai suna Bacillus subtilis, ita ce ke aikin cikin kwandon nan. Tana narkar da furotin na kalwa, wato sinadarin gina jiki, ta fito da wani sinadari da ake kira gulutamet, wanda shi ne harshe ke ji kamar ɗanɗanon romon nama. Fiye da kashi 30 cikin 100 na busasshiyar daddawa furotin ne, ga kuma maiƙo. Gaskiya ne cewa abin da ake sa wa tukunya ɗaya bai taka kara ya karya ba, amma ga iyalin da ke cin tuwo kowane dare, shekara da shekaru, ɗan kaɗan ɗin nan yana taruwa. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci, musamman can arewa wajen Nijar, sai mata suka koma ga gurguzun yakuwa suka yi daddawar batso. Maƙwabta ma suna da tasu: iru a wurin Yarabawa, sumbala a Mali da Burkina Faso, netetu a Sanagal. A Gana kuwa sunan Hausa ne ya bi ta, ana ce mata dawadawa, shaidar nisan da fataken goro suka kai ta.

Akwai wata fuska da ba a cika ambata ba. Yin daddawa sana'ar mata ce, galibi dattijai, kuma kuɗinta nasu ne. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta wallafa littafinta a 1972, ta nuna girman cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu ta hannun yara 'yan talla. Kayan miya na cikin irin wannan ciniki. Daga ribarsa ake zubin adashi, a sayi akuya, a tara wa 'ya kwanoni. Haka nan al'adar ciyayya, inda gidaje ke musayar kwanon tuwo da magariba, ta tsayu ne a kan cewa ko mai ƙaramin ƙarfi za ta iya kaɗa miyar da ba za ta ji kunyar aika wa maƙwabta ba. Rufin asirin gida da kwanciyar hankalin uwargida suna da alaƙa da wannan baƙin curi fiye da yadda ake zato.

Zuwan Kishiya

A 1908 abu biyu suka faru a wurare masu nisa da juna. A Japan, wani masanin kimiyya mai suna Kikunae Ikeda ya ware gulutamet daga ciyawar teku, ya tabbatar da cewa ɗanɗano ne mai zaman kansa. Shekara guda bayan haka aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda Hausawa ke kira farin magi. A Turai kuma kamfanin Julius Maggi, mutumin Suwizalan, ya fito da dunƙulensa. Kamfanin Nestlé ya mallaki Maggi a 1947. Wato abin da masana'antu suka naɗe a takarda mai ƙyalli shi ne ɗanɗanon da matan ƙasar Hausa suka daɗe suna fitarwa daga kalwa da kwando da tsumma.

Dunƙule bai ci kasuwa dare ɗaya ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa suka shiga hannun manoma, kantuna suka kawo gishirin Turai mai araha, mutane suka saba da sayen kayan miya na waje. Amma sai a shekarun 1970, zamanin kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, dunƙule ya bazu sosai, rediyo da talabijin suna yi masa kirari. Abin lura shi ne, da tsadar rayuwa ta biyo baya, musamman daga 1986 da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki, bai ja da baya ba. Nama ya fi ƙarfin mutane da yawa, shi kuwa ana sayar da shi ɗaya-ɗaya a kowane teburin unguwa. Ba ya bukatar daka, ba ya wari a hannu. Amarya 'yar makaranta ta fara jin nauyin a ce ɗakinta na ƙamshin daddawa, har kalmar magi ta zama sunan kowane dunƙule ko na wane kamfani ne.

Batun lafiya a nan yana bukatar adalci. Jita-jitar da ake yaɗawa cewa gulutamet guba ne ba ta da hujja a bincike; wanda ke cikin dunƙule da wanda ke cikin daddawa abu ɗaya ne a wurin jiki. Matsalar tana ga gishiri. Wajen rabin nauyin dunƙule gishiri ne, kuma mai girki takan jefa uku ko huɗu, sa'an nan ta ƙara gishiri a kai kamar yadda ta ga uwarta na yi a miyar daddawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Yawan gishiri kuwa yana daga cikin manyan abubuwan da ke jawo hawan jini, da abin da kan biyo shi na shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Ban da haka, dunƙule ɗanɗano kawai yake bayarwa, ba ya maye gurbin furotin da maiƙon kalwa.

Kada kuma a ɗauka cewa duk abin da aka gada lafiya ne, don kar a yi abin nan na daddawa ta gaya wa manda baƙi. A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, sun yi nazari a Zariya a kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego tare da wankan ruwan zafi da kwanciya a gado mai wuta a ƙarƙashi. Kanwa ɗauke take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri. Ita kanta daddawa, idan aka shanya ta a ƙasa ba kula, yashi da ƙuda ba sa barin ta. Gishirin kanti kuma ya zo da nasa alheri, domin tun da Nijeriya ta wajabta sa masa sinadarin aidin a 1993 cutar maƙoƙo ta ragu ƙwarai.

Daddawa dai ba ta bar gidan ba. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa har yau ba sa amsa sunansu sai da ita, kuma a yawancin gidaje ita da kishiyarta tukunya ɗaya suke shiga. Tun da aka yi ta wa'azin hawan jini a asibitoci da gidajen rediyo, wasu matan birni sun koma neman ta, ana daka ta da citta da masoro da busasshen kifi a zuba a kwalba. Barazanar da ke gabanta yanzu daga gona take. Ɗorawa takan yi shekaru, wani lokaci kusan goma, kafin ta fara 'ya'ya, masu gawayi da masu katako kuwa ba sa jira. Garmar shanu da awaki suna cinye 'yan ƙananan da suka tsiro da kansu, kuma ba kasafai ake dasa sababbi ba. Kalwa ta yi tsada, itacen dafa ta ya yi tsada. Tun daga shekarun 1980 masu sana'ar da dama suka koma ga waken suya, wanda ya fi saurin dahuwa kuma ba ya cin itace kamar kalwa. A kasuwannin ƙasar Hausa yau, mai sayen da ta san abin da take so takan gutsuri curin ta shinshina, ta tambayi mai tallar ko ta kalwa ce ko ta wake, kafin ta kwance bakin zane.