Ganuwa Ba Ta Tsare Ubangiji

Yau za mu waiwayi tarihin birnin Kano domin mu koyi abu guda game da sujada. Allah ne yakan fara kusantar mutum, sa'an nan mutum ya amsa. Amsar nan ita ce sujada.

Haka ya faru da Yakubu cikin Farawa sura 28. Yana gudun ɗan'uwansa Isuwa, dare ya yi masa a fili, ya yi matashin kai da dutse. Babu haikali a wurin, babu firist. Da ya farka ya gane Ubangiji yana wurin, sai tsoro ya kama shi, ya kafa dutsen, ya zuba masa mai, ya sa wa wurin suna Betel.

To, mu dawo gida. An soma gina ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu, wajen farkon ƙarni na 12. A cikin ganuwar nan, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, aka yi wani malami mai suna Ibrahim. Cikin karatunsa na Alkur'ani ya yi ta lura da girman da aka ba Annabi Isa, har ya shiga koya wa almajiransa su girmama shi, su kuma jira dawowarsa. Aka kira su Isawa. Ba su da majami'a, ba kuwa ɗan mishan da ya koya musu. Wajen 1867 aka kashe Malam Ibrahim a kasuwar birni saboda koyarwarsa, mabiyansa suka watse, waɗansu suka nufi Ningi.

A watan Afrilu na 1900, Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar CMS ya iso Kano tare da mutum huɗu, cikinsu har da Likita Walter Miller. Sarki Aliyu Babba bai yarda su zauna ba, ya umarce su su bar garin cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu a wannan shekara. A idon ɗan adam, tafiyar ta tashi a banza.

Amma a 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka zo Zariya wurin Likita Miller, suna neman ƙarin sani game da Yesu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya kashe da yawa a can, waɗanda suka ragu suka haɗu da masu bi na Zariya, ikilisiyar da ta koma Wusasa a 1929. Ashe, tun kafin Tugwell ya ga ƙofar Kano, Ubangiji yana aiki cikin zukata a birnin.

Turawa sun ci Kano a 1903, amma gwamnatinsu ba ta bar 'yan mishan su yi aiki cikin birni ba. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu suka zo da bangaskiyarsu, aka kuma kafa Sabon Gari wajen 1913. Shi ya sa majami'unmu suka tashi a bayan ganuwa. Kada wannan ya sa mu ga kamar an nisanta mu da Allah. Ibraniyawa sura 13 ta tuna mana cewa a bayan ƙofar birni Yesu ya sha wuya, ta kuma kira mu mu fita wurinsa, mu miƙa hadayar yabo kullayaumin.

Dattawanmu ba su manta da watan Oktoba na 1982 da na 1991 ba, sa'ad da aka ƙone majami'u a Kano. Gini ya faɗi, bencina suka zama toka, duk da haka masu bi suka ci gaba da taruwa, gama wanda suke yi wa sujada bai ƙaura ba.

Saboda haka mu tambayi kanmu: me yake kawo mu ranar Lahadi? Kyan gini ne, ko daɗin waƙar mawaƙa, ko kuwa mun gane Ubangiji yana nan? Wanda ya gane haka zai shiga da tawali'u, ya fita da gaskiya cikin ciniki, da alheri ga maƙwabcinsa Musulmi. Zai kuma yi wa birnin da yake zaune addu'a, yadda Irmiya ya gargaɗi bayin da aka kai Babila cikin sura 29.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, ka buɗe idanunmu mu gane kana tare da mu. Ka ba Kano salama, ciki da bayan ganuwa. Cikin sunan Yesu Kiristi. Amin.