Me ya raba Yola da Jimeta?

Jiya a cikin keke, daga Jimeta zuwa gida Bako, wani ɗan aji ɗaya ya ce min: "Yaya, wai me ya sa garin nan ya rabu biyu?" Wallahi sai da na yi jim, ni da nake digiri na biyu.

Ga abin da na gaya masa. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ta zama cibiyar Fombina. A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka biyo Binuwai a jirgin ruwa suka ci garin da yaƙi. Lamiɗo Zubairu ya ƙi miƙa wuya, ya fice, suka naɗa Bobbo Ahmadu. Turawan sai suka kafa mazauninsu can Jimeta, kusa da bakin kogi inda jiragen kaya ke tsayawa. Ofisoshi da kantuna suka bi su. Shi ya sa har yau fada tana Yola, gidan gwamnati yana Jimeta.

'Yan'uwa ɗalibai, don Allah kafin ku kammala, ku leƙa gidan tarihi na fadar Lamiɗo. Abin kunya ne mutum ya yi shekara huɗu a gari ya tafi yana baƙo.